Daminar da Muka Dafa Fiya

Waccan damina ta ba mu wuya. Ba wani ado da zan yi wa maganar. Wuya muka sha, mu da awakinmu da kowa.

Abin da ya tuno min da ita, shekaranjiya na shiga Dutse sayen maganin feshi, marka ta tsare ni a wata rumfa kusa da tasha. A gefena wani mai baro ya lulluɓe kayansa da leda, ayaba da lemo da fiya. Sai wata mata ta sauko daga adaidaita, ta ɗaga ledar, ta ɗauki fiya ɗaya ta danna ta da babban yatsa, ta ajiye, ta ɗauki wata. Ta san abin da take nema. Ni kuwa na tsaya ina kallon yatsan nan nata har ruwan ya tsagaita. Shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, da a ƙauyenmu akwai mutum ɗaya da ya san wannan dannawar, da ba mu yi abin da muka yi ba.

Ƙauyen namu yana can bayan Kiyawa, tafiyar ƙafa mai ɗan nisa daga titi. Gida goma sha huɗu ne a lokacin, masallaci ɗaya, rijiya ɗaya. A gidanmu mu uku ne: ni, da Inna mahaifiyata, da matata Hajara. Baba ya riga ya rasu. Yayana Habu ya tafi ci-rani wajen Jos tun bayan kaka, ruwa ya sauka bai dawo ba, ya bar min gonar gado ni kaɗai.

Daminar da ta gabaci wannan, ruwa ya ɗauke gero yana cikin bununi. Kai ya fito dogo, ka murza ka tarar ba ƙwaya. Abin da muka zuba a rumbu ko rabi bai kai ba. Muka yi ta lallaɓa shi, muka cire iri muka ɓoye a tulu aka liƙe bakin da laka don kada ido ya gani zuciya ta so. Duk da haka kafin a gama noman farko, Inna in ta zura hannu a rumbu ƙasa take taɓowa.

Ga yadda yini yake tafiya. Da asuba in na dawo masallaci, kunun tsaki ne, tsululu, kana leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka. In sha in ɗauki fartanya. Da hantsi Inna ta ɗauki ƙwarya ta bi bakin gonaki tana tsinkar tafasa da rama. A dafa, a matse, in akwai ƙuli-ƙuli a kwaɗa, in babu a barbaɗa gishiri da barkono a ci haka. Da yamma tuwon dusa da miyar lalo, ba mai, ba nama, ɗan daddawa kamar ƙwayar wake. Ka ci, cikinka ya yi tsiri kamar ka ƙoshi, kafin ka wanke hannu yunwar ta dawo ta zauna inda take.

Abin da ya fi ci min rai shi ne koren. Duk inda ka juya kore shar, gero ya kai kafaɗa, wake ya baje, ciyawa har bakin ƙofa, ƙasa tana ƙamshi. Ga abinci nan a tsaye kana gani, amma saura wata guda da rabi kafin a karya tumu. Yunwar rani ta fi sauƙi, don ita ko ba komai ba ta nuna maka abin da za ka ci.

Sai marka ta zo ta zauna. Kwana uku, kwana huɗu ba a ga rana ba. Itace duk ya jiƙe, Inna tana hura wuta hayaƙi yana sa ta hawaye. Soro yana yoyo, mu jera ƙore da tasoshi a tsakar ɗaki. Katangar bayan gida ta zube. Tufafi ba sa bushewa, kowa yana warin danshi. Tsakanin yatsun ƙafata duk ya tsattsage saboda laka.

Amma ba a daina gayya ba. A al'ada mai gona shi ke ciyar da 'yan gayya, fura da tuwo har a bar saura. Shekarar nan Malam Liman ya tashi bayan sallar Juma'a ya ce kowa ya zo da cikinsa yadda yake, kada mai gona ya ji kunya, kada ma'aikaci ya sa rai. Haka aka yi. Yau gonar wannan, gobe ta wancan, mu goma sha wani abu a jere a kunya, ba kiɗa, ba fura, sai bakin Tanko. Tanko taubashina ne, ɗan ƙanwar Baba, kuma Allah bai halicci abin da zai hana shi magana ba. Yana noma yana lissafa mana abincin da zai ci ranar da gero ya nuna, har sai wani ya jefe shi da hoge. Yanzu in kana son a yi maka maimai sai ka nemo 'yan ƙwadago, su zo a babur, kowa da waya a aljihu. Aikin yana yiwuwa, ban ce ba ya yi ba. Shiru ne dai ya yi yawa a gonar.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ya hana ni sukuni Hajara ce.

Tana da juna biyu, wata uku. Na farko ya zube mata a kakar da ta wuce, kuma ba wanda ya ƙara tayar da zancen, amma kowa yana tune. Wannan karon laulayi ya kama ta da ƙarfi. Warin tafasa, amai. Warin daddawa, amai. Hayaƙin ɗanyen itace, amai. To mu kuma abin da muke da shi ke nan, tafasa da daddawa da hayaƙi. Ko kunu ta sha, kafin ta ajiye ludayin ya dawo. Awarwaron da ke wuyan hannunta sai da ya riƙa zamewa har gwiwar hannu. Asibitin Jahun kuwa, ruwa ya cinye hanya, ko jaki ba ya wucewa. Yau da adaidaita za ka kira a waya ta zo har ƙofar gida.

Tsohuwar da ke karɓar haihuwa a garin ta zo ta duba idonta, ta duba tafin hannunta, ta ja Inna gefe. Ina jin su ta bayan zana.

"Yarinyar nan ba jiƙo take so ba," in ji ta. "Maiƙo take so. In ba ta samu abin da zai zauna mata ba, wannan ma ba zai zauna ba."

Maiƙo, a gidan da rabonsa da mai tun kafin shuka.

Ran kasuwa na fita titi na tsare wani direba da ke kai awaki Jos, wanda ya san inda Habu yake aiki, a wani lambu. Na ce ya gaya masa gida ba lafiya, ya aiko da masara ko tiya biyar ce. Bayan kwana goma na koma na jira. Motar ta tsaya, direban ya sauko min da buhu, rabinsa cike, da nauyi. Na shafa ta waje na ji dunƙule-dunƙule. Na ce alhamdu lillahi, dankalin Turawa. Fasinja suna ta yi masa tsawa, ya koma ya tayar da mota, sannan ya leƙo da kai yana tafiya.

"Ya ce sunanta fiya! Ya ce sai ta yi laushi ake ci!"

Iyakar saƙon ke nan. Na ɗora buhun a ka, na taho cikin yayyafi, ban ma ji nisan hanyar ba. Na ratsa ta tsakiyar gari, ta gaban masallaci, kowa yana yi min sannu, kowa idonsa a kan buhun.

Da muka kwance bakin, sai ga wasu abubuwa kore, masu wuya kamar ƙaramin gora, fatar da ɗan kaushi. Ba ƙamshi. Na ƙwanƙwasa ɗaya a turmi, ta yi ƙara kamar dutse. Masara ko ƙwaya ɗaya babu.

Inna ta daɗe tana juya ɗaya a hannu. Ba ta faɗar sunan Habu, ɗan fari ne, sai ta ce, "Wancan na Jos ba zai aiko da abin banza ba." Sannan ta ce, "An ga shigowarka da buhu. Gida-gida za a kai."

"Inna, ba mu ma san mene ne ba."

"Su ma ba su sani ba. Tsaraba ce. In ba a kai ba, gobe a ce hatsi muka samu muka rufe ƙofa."

Gaskiyarta. A shekara irin wannan, buhu ya shiga gida ba a ga komai ya fito ba, zance ne da zai bi ka har jikoki. Muka ware bibbiyu, gida goma sha uku. Namu ya rage goma.

Kafin in gama rabo Tanko ya biyo ni gida da fiyarsa ɗaya a hannu, ya kafa mata haƙori a gabanmu. Ya tsaya. Ya tofar. Ya kama baki.

"Kai Idi, ku gidanku ba a taɓa yin mai hankali ba. Muna zaune a gindin Dutse, a rasa abin da za a aiko mana daga Jos sai duwatsu?"

"An ce sai ta yi laushi, ɗan ƙauye."

"To ka ba ta haƙuri ta yi."

Inna ce ta yanke hukunci. Ta ce, "Me kuka taɓa gani ya yi laushi ba da wuta ba? Rogo wuta, dankali wuta, kabewa wuta. Ɗauko min tukunya."

Ba wanda ya yi musu, don mu iyakar saninmu ke nan. Mangwaro a bishiya yake nuna, dabino a bishiya, kanya da ɗinya su faɗo da kansu. Abin da ya zo hannunka da tauri kuwa, tukunya ce maganinsa. Akwai wasu busassun itace da Inna ta ɓoye a ƙarƙashin gado tun rani, ta ce na ranar haihuwa ne, na ruwan wanka. Ta jawo rabi. Muka zuba uku a tukunya.

Ta dahu, ta yi laushin kuwa. Inna ta ɓare ɗaya, ga wani ƙaton ƙwallo a tsakiya, naman ya koma wani launi marar kyau. Na ɗebo na sa a baki. Na sha maɗaci, na sha saɓara, ban taɓa jin ɗaci mai naci irin wannan ba, yana mannewa a maƙogwaro kamar an shafa. Inna ta ce wataƙila kanwa take so, kamar wake. Washegari muka ƙara uku, da kanwa, da sauran itacen. Ta fi ta jiya muni. Tururin kawai ya shiga ɗaki, Hajara ta yini tana kakari ba abin da ke fitowa.

Labari ya zaga cewa dafawa ake yi, kowane gida suka gwada ɗaya. A gidan Malam Liman yanka ta aka yi cikin miya, aka yi asarar miyar yini guda, a wannan shekara. Kwana biyu ba wanda ya gaishe ni ba tare da ya tambayi lafiyar duwatsun Jos ba. Raina ya ɓaci. Na kwashi huɗun da suka rage na wurga su cikin rumbu, na faɗi maganganu a kan Habu waɗanda ba zan rubuta ba.

"Kada ka zagi wanda ba ya nan," in ji Inna. Amma ita ma ba ta ƙara cewa ba zai aiko da abin banza ba.

Daga baya, da Habu ya dawo, ya ce masarar ce ba shi da halin saye, fiyar kuwa mai lambun ya ce ya ɗiba. Ya ce da gangan ya zaɓo masu tauri don kada su dame a mota. Ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Da a ce yau ne, minti ɗaya a waya ya ishe mu. Amma wannan duk daga baya ne.

Kwana biyar bayan na wurga su a rumbu, Hajara ta daina iya tsayuwa a salla, a zaune take yi. Ranar gayyar gonar Tanko ce. Na yini ina noma ban san abin da nake nomewa ba, har na sare masa gero biyu, kuma bai ce min komai ba. Daga nan na gane kowa ya sani.

Bayan la'asar na dawo. Na tarar da Hajara a kan tabarma a bakin ɗaki, ta jingina da bango, Inna a kan kujera 'yar tsugunno ta zuba mata ido kamar mai gadin gona. A gaban Hajara ga ɓawon fiya an sharce shi tas, ga wata rabi a hannunta, tana ɗiba da yatsa.

Abin da ya faru, Inna ta shiga rumbu ta share gindinsa ko za ta tara 'yan ƙwayoyin da za a yi kunu. Ta ci karo da huɗun nan a cikin ƙaiƙayi, ta taɓa ta ji sun yi luguf. Ta ce sun ruɓe, ta jefo su waje don a ba akuya. Ɗaya ta fashe kusa da tabarma.

"Inna, ruɓaɓɓe kika ba ta?"

"Ni ban ba ta ba. Juyawar da zan yi na ga ta kai baki."

"Tun yaushe?"

"Tun azahar."

"Kuma ba ta..."

"Ba ta mayar ba. Rufe bakinka kada ka tuna mata."

Na tsuguna. Cikin abin rawaya ne, gefen ɓawon kore-kore, sumul kamar man shanu a sanyin safiya. Na kai hanci, ba wari, ba ƙamshi, ba komai. Ashe abin da ya sa ta iya ci ke nan. Hajara ta miƙo min ɗan kaɗan a kan yatsa ba ta kalle ni ba, don Inna na wurin. Na lasa. Ba zaƙi, ba tsami, ba ɗaci. Wani lami-lami ne mai maiƙo, kamar an kirɓa ɗanyar gyaɗa da man shanu an manta gishiri. Ya narke ya bar min santsi a harshe. Ni dai gaskiya ban ji daɗinta ba, har yau ma ban ji ba. Babbar 'yata, wadda ita ce a cikin nan lokacin, tana aure a Garki yanzu, ita ma ba ta ci, wai tana tayar mata da zuciya.

Inna ta ɗauki ɗaya daga biyun da suka rage, ta danna, yatsanta ya shiga. Ta girgiza kai.

"Ashe laushin zama ake nufi. Mun ƙone itacen haihuwa a banza."

Sai Hajara ta yi min magana, murya can ƙasa. "Malam, akwai saura?"

Wata guda cur ba ta nemi abinci da bakinta ba.

Saura biyu. Gobe da jibi. Gero kuwa da sauran wata guda. Na zauna a kan turmi na yi tunani: gida goma sha uku, kowa ya dafa ɗaya ya ji ɗaci, to ɗayar tana nan yashe a wani lungu, in yara ba su yi ƙwallo da ita ba. Na faɗa wa Inna abin da ke raina. Fuskarta ta canza.

"Ka ba mutum tsaraba ka koma ka ce ya dawo da ita? Ba a taɓa yi a gidan nan ba. Ubanka ko allura ya bayar ba ya waiwaya."

"Baba bai ga wannan shekarar ba."

"To ka je ka ce musu me? Ka tsaya gaban dattawa ka ce matarka ce ke da abin da ke gare ta? Da wane bakin?"

Nan ta kama ni. A garinmu saurayi ba ya buɗe baki gaban manya ya yi zancen cikin matarsa, balle wanda bai taɓa haihuwa ba. Ga kuma wani abu da Inna ba ta faɗa ba amma na san tana tunaninsa: in na gaya musu gaskiya cewa abin yana ciyuwa, har da maiƙo, su ma 'ya'yansu tafasa suke ci. Wa zai ba ni? Na iya cewa akuya zan ba. Ba wanda zai hana ni, dariya kawai za su yi. Har na shirya ƙaryar a bakina, na maimaita ta sau biyu a hanyar masallacin magariba. Ba ta zauna min ba.

Washegari da asuba ana yayyafi. Aka sallame salla, mutane suka fara laluben takalma. Na miƙe a bakin ƙofa da buhun nan a naɗe a hammata.

"Malam, ina da magana. Abin nan da na raba, ba dafawa ake yi ba. Ajiyewa ake yi ta yi laushi da kanta. Tana ciyuwa, kuma akwai maiƙo. Wanda tasa take nan, in ya ga dama ya ci." Na haɗiye yawu. "In kuma ya ga dama ya ba ni."

Sai Tanko daga sahun baya.

"La ilaha! Jama'a ku shaida, ya zo karɓar duwatsunsa. Idi, ginin me za ka yi?"

Wasu suka yi dariya. Malam Liman bai yi ba. Ya dube ni, ya dubi buhun, ya ci gaba da jan carbinsa.

"An ci a gidan naku?"

"An ci, Malam."

"Ya zauna?"

"Ya zauna."

Bai ƙara tambaya ba. Ya miƙe, ya sa takalmi, ya shiga gidansa. Sauran suka watse, na tsaya ni kaɗai a cikin yayyafi ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Can sai ga Malam ya fito da ɗaya a hannu, da toka a jikinta, a bayan murhu aka samo. Sai wani ya zo da tasa daga akurkin kaji. Wani ya ce tasa yara sun jefa a rijiya, ya yi ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi laifi. Gida biyu ba su fito ba, ban kuma taɓa tambayar dalili ba. Tanko ne na ƙarshe. Ya jefa tasa a buhun, da shaidar haƙoransa a jiki.

"Wannan na fara mata aiki," in ji shi. "Kada ka ce ban taimaka ba."

Goma na samu. Na kai gida, na danna kowace da yatsa, masu laushi uku na ba Inna, sauran na binne su a ƙaiƙayi a gindin rumbu na rufe da faifai. Sannan na ɗauki fartanya na bi su gona, don ranar gayyar Malam ce.